Ranar da Na Naɗe Aska a Gidan Liman

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Dangora, a ƙasar Kiru. Na yi karatun allo gwargwado, na yi firamare zuwa aji huɗu, daga nan babana ya rataya mini zabira ya ce makaranta ta ƙare. Rubutun nan iyakar abin da na iya ke nan, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Na zauna rubuta shi ne saboda maganar da ake yi a kaina. A kasuwar Tudun Wada, a rumfar 'yan sana'armu, an ce na sayar wa likitoci gadon gidanmu. An ce hannuna ne ya fara rawa, na rasa yadda zan ɓoye, na laɓe a bayan asibiti. To, kafin wani ya ba da labarina da ƙari, bari in bayar da bakina. Laifi ina da shi, kuma ya fi wanda suke faɗa nauyi. Su dai ba su san inda yake ba.

Wata shekara, bayan an kai masara gida, sanyi ya fara sauka, aka kira ni wani ƙauye ta wajen Ɗansoshiya in yi wa yara kaciya. Yadda muke yi shi ne a tara yaran unguwa masu shekara shida ko bakwai, a haƙa rami a bayan gida, a yanka kaji, kafin hantsi ya yi zafi an gama. Ɗaya daga cikin yaran ɗan abokina ne, wani manomi mai shiru-shiru wanda ni nake masa aski tun muna samari.

Ina cikin wasa aska sai wata tsohuwa ta fito daga cikin gida ta ja ni gefe. Ta ce uwar yaron ce ta aiko ta.

"Ta ce a gaya maka, Wanzam, yaron nan fitsarinsa ba ya tafiya gaba. Ƙafafunsa yake jiƙawa. Ta ce don Allah ka duba kafin ka taɓa."

Na yi dariya. Na ce, "Inna, ki ce mata ta je ta ji da tukunyarta. Da an yi masa kaciya komai zai miƙe."

Da aka zaunar mini da shi a bakin rami, uban yana riƙe da shi ta baya, na duba na ga abin da uwar take nufi. Ƙofar fitsarinsa ba a kai take ba, tana can ƙasa. Fatar kuma ta taru a sama kaɗai, ƙasan babu. Mutanenmu in sun ga haka sai su ce an haifi yaro da rabin kaciya, wanzami ya ƙarasa. Ni ma abin da na taso ina ji ke nan. Amma ba zan yi ƙarya a gaban Allah ba: zuciyata ta ce in dakata. Ban san komai game da aikin likita ba a lokacin, sai dai na san wannan ba irin wanda hannuna ya saba da shi ba ne. Da na ce a kai shi a duba, ba wanda zai dake ni.

Abin da ya hana ni wani wanzami ne daga ƙasar Bebeji, wanda ya fara shigo mana gidaje a kan babur yana cewa tsofaffin hannu sun gaji. Maza sun kewaye ni suna kallo. Na san in na ɗaga yaron nan ba a yi ba, kafin azahar labari ya kai wa mai babur cewa na ga aiki na tsorata. Sai na yi bismillah na cire fatar duka, tas, har ina jin daɗin yadda aikin ya fita. Na barbaɗa garin bagaruwa, na binne fatar a ramin, na wanke hannu, na ci kaza.

Ciwo ya warke cikin kwanakinsa. Babu abin da ya miƙe. Da yake mu nan kowa a tsugune yake fitsari, abin bai fito fili da wuri ba. Bayan kamar shekara biyu uban ya kai shi babban asibiti a Kano. Aka yi masa aiki, aka sake yi, aka kuma yi na uku. Na ji an ce har daga cikin kumatunsa aka yanko fata aka yi faci da ita. Duk da haka wata 'yar ƙofa ta ɓalle a gefen ɗinkin, fitsari yana ɗiga ta nan. Uban bai taɓa ce mini uffan ba. Duk ranar kasuwarmu zai zo ya zauna a tabarmata, ya cire hula, ya miƙa mini kansa. Ni kuma in jiƙa, in aske, mu yi hirar taki da ruwan sama.

Malamin ɗakin shan magani na garinmu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Wata ranar kasuwa ina cikin aski sai ga shi da wata mata mai matsakaicin shekaru, ta yafa mayafi, tana rungume da jakar takardu.

Ya ce, "Mai zabira, ajiye wuƙar nan ka daina fere kan talakawa, ka yi baƙuwa."

Na ce, "Kai mai allura, yau babu wanda za ka huda ne ka samu lokacin yawo?"

"Kin ji ko, Likita? Na gaya miki sai kin yi haƙuri da shi. Tun yana yaro haka yake, nonon akuya aka ba shi."

Matar ta yi murmushi, ta rusuna ta gaishe ni yadda ya kamata, ta tambayi iyali da aiki. Ta ce ita likitar tiyatar yara ce daga Kano. Ta zauna a bencin masu jiran layi ta yi mini bayani.

"Baba, mukan yi wa yaro aiki, mu sallame shi, mu rubuta cewa ya warke. Daga nan ba mu san abin da ya same shi ba, da yawa ba sa dawowa. Shi ne muka fito muna bin su gida-gida, nan Kiru, da Bebeji, da Tudun Wada, har Doguwa. Muna so mu ga yadda suke bayan shekaru, mu ji yadda aka kula da su kafin a kawo mana su da bayan an mayar da su gida. Wanzamai ma muna jin ta bakinsu. In ba ka so ka amsa ba dole, kuma ba za mu rubuta sunanka ba."

Mutumin da kansa yake hannuna a wannan lokacin, na aske rabi saura rabi, abokina ne, uban yaron.

Ta zaro wata takarda mai zane ta nuna mini. Abin da na gani a bakin rami ne sak.

"Ka taɓa haɗuwa da yaro mai irin wannan halitta?"

Na ce, "Ban taɓa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Hajiya, na ce miki ban taɓa ba."

Kan da ke ƙarƙashin tafina bai ko motsa ba.

Ta ce, "Ga dalilin tambayar. Wannan fatar da ta taru a sama, ita ce yadinmu. Sau da yawa da ita muke ɗinka wa yaro hanyar fitsari. In ya zo da ita, muna da abin aiki a kusa. In an riga an cire, sai mun nemo daga wani wuri. Muna so mu gani ko waɗanda suka zo da kaciyarsu sun fi shan wahala. Ba mu gama ba, don haka ba zan ce maka ga sakamako ba. Amma abin da idona yake gani a ɗakin tiyata ya isa in roƙe ku, in kun ga irin wannan ku bar shi ku turo mana."

Nan na tashi da faɗa, irin faɗan mutumin da aka taka wa inda yake ciwo. Na ce kakana yana wannan aiki tun ba a aza tubalin asibitinsu ba. Na ce duk namijin da take gani a kasuwar nan ta hannunmu ya bi, kuma ga su nan da 'ya'yansu da jikokinsu. Na ce su da suke yanka yaro sau biyu sau uku bai warke ba, su ne za su koya mana riƙon aska?

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Shi ya sa na zo wurinka, Baba, ban je wurin mai tireda ba. Kai kake fara ganinsu. Mu sai an makara muke gani."

Ina kallo ta rubuta amsata a takardarta. Ta bar mini mai zanen, ta yi sallama, suka tafi. Daga baya taubashina ya gaya mini cewa da safiyar ranar sun je gidan abokina, ta duba yaron, ta tambayi wanda ya yi masa kaciya, uban ya ce wani wanzami ne mai wucewa, bai san garinsu ba.

Da suka ɓace a cikin kasuwa na tsaya da aska a sama, na kasa ci gaba. Abokina ya ce, "Ƙarasa mini, Wanzam, kada in shiga mutane da rabin kai." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Takardar na cusa ta a zabira da niyyar goge aska. Ban goge ba, ban kuma jefar ba.

Da kaka ta zagayo abokina ya kira gayyar yankan dawa, na je. Yaron a lokacin ya kai sha biyu, yana aiki a layin da ke kusa da nawa, kuma ba rago ba ne. Rana ta take, aka kawo ruwa da kunu daga gida, kowa ya yi kansu. Shi ya koma gindin wata ɗorawa ya zauna, leɓensa ya bushe har ya tsage.

Na ce, "Kai, zo ka sha ruwa mana. Azumi kake?"

Ya girgiza kai. Wata ƙanwarsa da ta kawo kunun ta ce, "Ai ba ya sha in za a yi salla da mutane." Ya harare ta.

Da aka kira azahar na ga ya ɗauki wata baƙar leda ya shiga cikin karan da ba a yanke ba. Ya fito da wani wandon daban a jikinsa. Ya yi alwala can nesa, ya zo ya tsaya a ƙarshen sahu, ya bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Ana sallamewa ya sunkuya yana duba gaban wandonsa.

A wannan gonar na san abin da na binne a ramin nan. Yaro yana yini da ƙishirwa a tsakiyar rana don ya samu ya tsaya gaban Ubangijinsa da tsarki, saboda ni ban so mai babur ya yi mini dariya ba. Kuma ko a nan ban yi magana ba. Na ci tuwon gayya na koma gida. Ku haɗa wannan ma a cikin laifina.

Sanyin wannan shekarar aka kira ni gidan Limamin garinmu. Kakana ya yi wa gidan nan aiki, babana ya yi, ni ma duk 'ya'yan Liman ta hannuna suka bi. Yara biyar aka tara. Abokina yana wurin, domin matarsa 'yar dangin gidan ce, kuma an san shi da iya riƙe yaro ba tare da ya firgita shi ba. Na yi wa na farko, na yi wa na biyu. Na uku jikan Liman ne, ɗan babban ɗansa. Abokina ya zaunar da shi a bakin rami ya rungume shi ta baya. Na duba.

Ƙofar tana ƙasa. Fatar ta taru a sama.

Na goge aska, na naɗe ta, na mayar cikin zabira.

Uban yaron, mai sayar da takin zamani ne, mutum mai saurin hawa, ya ce, "Lafiya, Wanzam?"

"Wannan ba zan yi masa ba."

"Kamar yaya ba za ka yi ba?"

Na nuna masa. Na ce su kai shi babban asibiti da fatarsa, can za a gyara masa hanya da ita, a yi kaciyar gaba ɗaya.

Ya ce, "An yanka kaji. Dangin uwarsa sun taso tun daga Doguwa. An yi wa sa'o'insa, shi kaɗai za a bari ya tashi haka? Me kake so yara su riƙa kiransa a makaranta? Kuma tun yaushe ka zama likita?"

Wani daga baya ya ce, "Tsufa ne kawai. Ku dubi hannunsa."

Na miƙa hannun a gabansu, na buɗe yatsu. Na ce, "Ga shi, ku duba da kyau. Wanda ya ga rawa ya faɗa." Na zaro takardar likita daga zabira, duk ta yamutse ta sha mai. Wani ya ce yau kuma Wanzam da laya ya zo, aka yi dariya.

Uban ya fito da waya. Ina ji ya kira mutumin Bebeji, ya ce masa akwai aiki guda da ya gagari tsoho. Ya kashe ya ce, "Kafin la'asar yana nan. Ka ƙarasa sauran biyun ka tafi."

Na san mai babur zai yanke. Ba don mugunta ba, abin da aka koya masa ke nan, kamar yadda aka koya mini. Kafin magariba fatar yaron nan tana cikin rami. Takarda ba ta yi aiki ba, hannuna bai yi aiki ba. Abu ɗaya ya rage mini.

Na miƙe tsaye na ce, "Ku saurara. Na taɓa yi wa yaro mai irin wannan. Uwarsa ta aiko a gaya mini, na yi mata dariya. Na ga abin da idona, zuciyata ta hana ni, na yanke don kada a ce na tsorata. Yau shekaru ke nan yana shan wuƙar likita, har yanzu bai huta ba. Ni na jawo masa."

Uban ya ce, "Wane yaro? Ɗan gidan wa?"

"Ba zan faɗa ba. Sirrinsa ne, ba nawa ba."

"To ƙarya kake. Ka ƙirƙiro ne don ka rufe kunyarka."

Sai abokina ya yi magana. Yana zaune yadda yake, yaron yana ƙirjinsa, bai ɗaga kai ba.

"Ɗana ne."



Ya ce, "Sau uku ana shiga da shi ɗakin tiyata, ni nake zaman baranda. Likitar ta ce mini da an bar fatar, da wataƙila aikin ya zo da sauƙi. Ban gaya wa kowa ba, domin Wanzam abokina ne, kuma ni na riƙe masa yaron da hannuwan nan, yadda na riƙe wannan." Sai ya ware hannuwansa ya saki jikan Liman. "Ku nemi wani ya riƙe. Ni na gama."

Wani ya ruga zaure ya kira Liman. Tsohon ya fito yana dogara sanda, aka mayar masa da yadda aka yi. Ya dube ni ya ce, "Wanzam, cewa kake kada a yi wa jikana kaciya?"

Na durƙusa na ce, "A'a, Allah gafarta Malam. Cewa nake a jinkirta, a yi ta a inda za a gyara masa hanya."

Ya kalli yaron. Sannan ya ce, "Jinkiri don neman lafiya bai saɓa wa komai ba. Ku sa masa wandonsa." Ya juya ga ɗansa ya ce, "Kira mutumin nan ka ce ya yi zamansa." Ɗan ya buɗe baki, Liman ya ɗaga sanda kaɗan, ya rufe. Daga nan ya sake dubana ya ce, "Kai kuma, abin da ke tsakaninka da wancan yaron, ba ni zan yafe maka ba."

Jikan kuwa da aka sa masa wando sai ya fashe da kuka, wai an hana shi kaciya don kada a ba shi kaza. Kakarsa ta leƙo ta ce a miƙo mata shi, cinya biyu zai ci. Na ƙarasa wa sauran biyun aikinsu. Ranar ban ci komai a gidan ba.

Bayan watanni likitar ta dawo zagaye na biyu, ta sauka a ɗakin shan magani. Taubashina ya aiko mini, na je da zabirata.

Yana ganina ya ce, "Likita, ɓoye almakashinki, ga abokin gaba ya iso."

Na ce, "Matsa can, yau ba da kai nake ba." Na gaishe ta na ce, "Hajiya, na zo ki goge amsar da na ba ki. Ƙarya na yi miki."

Ta ce ba a gogewa, sai dai a rubuta sabuwa a ƙasa. Ta ce tun a ranar ta yi zato, domin ta ga askata ta tsaya cak a kan mutumin. Na ba ta labari tun daga tsohuwar da aka aiko har zuwa gidan Liman. Sannan ta shiga tambayata aikinmu dalla-dalla: da me nake wanke aska, yara nawa nake yi wa da guda, me nake zubawa a ciwo, in jini ya ƙi tsayawa me nake yi, kwana nawa nake komawa dubiya. Na faɗa mata duka, ban rage ba. A kan aska guda ga yara da yawa ta yi mini faɗa sosai, kuma ta yi gaskiya, yanzu kowane yaro da sabuwar rezarsa. A kan bagaruwa muka yi ta ja. Ta ce ba ta so, na ce ta kawo mini yaron da bagaruwata ta ɓata. Ta ce gaskiya ba su bincika wannan ba tukuna. Na ce to su bincika, ina nan.

Sai na ce ta karanta mini tambayoyin da take yi wa yaran. Ta karanta: ko fitsari yana fita ta hanya ɗaya, ko yana zafi, ko ɗinki ya buɗe, ko an koma asibiti. Na ce saura.

"Saura me, Baba?"

"Ki tambaye su ko suna shan ruwa in za su shiga mutane. Ki tambaye su wando nawa suke fita da shi. Ki tambaye su a ina suke tsayawa a sahu."

Ta ajiye biro ta dube ni. Na gaya mata abin da na gani a gonar dawa. Ta ce, "Wannan ba ya cikin takardarmu. Yaron nan na duba shi da kaina, na rubuta ɗigo kaɗan." Ta ɗauki biron ta rubuta a gefe. Ban san abin da suka yi da shi ba, amma na ga ta ja layi a ƙarƙashi.

Jikan Liman an kai shi Kano da fatarsa, an yi masa aiki sau ɗaya. Likitar ta ce kada a yi saurin murna, za su riƙa dubansa har ya girma, domin wani abin sai daga baya yake fitowa. Zuwa yau dai wandonsa a bushe yake, kuma yana shan ruwa kamar raƙumi. Ubansa har yanzu sama-sama yake amsa gaisuwata, ya mayar da kansa wurin masu askin inji. Gidaje da dama sun bar ni, suna cewa mutumin da ya faɗa da bakinsa ya cuci yaro ba za a miƙa masa wani ba. Ban ga laifinsu ba.

Waɗanda nake ganin laifinsu 'yan sana'armu ne masu zama a rumfa suna kirana ɗan aiken likita. Na san wasunku sun ga abin da na gani a bakin rami, sun yanke, sun ci kaza. Ni na faɗi nawa a gaban gari. Wanda ya ce bai taɓa ba, ya zo ya dafa zabirar ubansa ya maimaita a gabana. Aska tana hannuna, ban ajiye ta ba, kuma ba likita ce ta hana ni yanka ba. Yaro ne mai wando biyu a leda.

Shi kuwa yaron, na same shi a gona da damina yana noma shi kaɗai. Yanzu ya fi ni tsawo. Na ce masa na zo neman gafara. Ya dogara da fartanya ya dube ni.

"Baba Wanzam, an ce Inna ta aiko an gaya maka."

"An gaya mini."

"Ka ji, kuma ka yi."

"Na ji, kuma na yi."

Ya ce, "To." Ya sunkuya ya ci gaba da nomansa. Na tsaya kaɗan, na ga ba wata magana, na tafi. Bai ce ya yafe ba, kuma ba zan aika manya su matsa masa ba. Uwar ma na tura matata ta roƙar mini ita, ta ce ta ji.

Bayan girbin bana za a sake shiga da shi, a gwada toshe ƙofar da ke ɗiga. Na ce wa uban zan bi su in yi zaman baranda. Uban ya ce in zo. Yaron ya ce kada in zo. Saboda haka zan zauna a gida.

Mako mai zuwa akwai kaciya a wata unguwa ta hanyar Ɗansoshiya, yara huɗu. Na riga na gaya musu ba za a haƙa rami ba, ba za a yanka kaza ba, sai na zo kwana ɗaya kafin nan na duba kowane yaro. Kuma kafin in duba, zan tsaya a bakin ƙofa in sa a tambayo mini uwarsa yadda fitsarinsa yake fita. Mai gidan ya ce wannan sabon salo ne, ba a taɓa jin wanzami yana neman shawarar mata ba, in na cika tsirfa zai kira mai babur. Na ce ya kira. Ko ya kira shi, ni dai ranar Laraba ina bakin ƙofarsa, kuma sai an tambayo mini matan.